Rumbun coci da masu riƙe majami'ar ƙauye idan Fada ba ya nan

Zuwa ga Edita,

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatanka, muna roƙon fili a shafin wasiƙu don mu yi magana da 'yan'uwanmu mabiya ɗarikar Katolika na ƙauyukan Kano da Jigawa tun kaka ba ta wuce ba. Mun san yawancin masu karanta wannan jarida Musulmi ne. To su ma kada su tsallake, domin rabin abin da za mu faɗa maganar hatsi ce da amana, kuma duk kwamitin masallacin da ya taɓa tara zakkar amfanin gona ya san irin wannan ciwon kai.

Dayosis ɗin Kano, wato yankin da bishop ke shugabanta, wanda ya cika dayosis a 1999, shi ke kula da jihohin Kano da Jigawa gaba ɗaya, kuma Bishop John Namaza Niyiring ke jagorantarsa tun 2008. A birni, mutum na iya samun Fada, wato limamin Katolika, kusan duk lokacin da ya so. A karkara kuwa, irin ƙasar Rogo da Tudun Wada da Doguwa da Sumaila, faris, wato yankin da Fada ke kula da shi, uwa ce mai rassa a warwatse cikin ƙauyuka. Dokar Ikilisiya ba ta ba Fada damar yin Hadayar Mas, wato babbar ibadar Katolika, fiye da sau uku a ranar Lahadi ba, ko wannan ma sai da izinin bishop. Sai mai karatu ya yi lissafi da kansa. A ce faris tana da rassa 12 da Fada ɗaya. Idan ya ware Mas ɗaya domin uwar majami'a, saura biyu, ke nan kowane reshe zai gan shi ranar Lahadi sau ɗaya a mako shida. Da damina, idan rafi ya kawo, sai abin ya zarce haka. Sauran Lahadi biyar ɗin, da duk ranakun da ke tsakani, majami'a tana hannun katekis, wato malamin da ke koyar da addini, da dattawa da Zumuntar Mata Katolika da matasa, mutanen da ba albashi suke karɓa ba, kuma dukkansu manoma ne.

Wannan kalma ta ƙarshe ita ake mantawa. Ana ɗauko tsarin hidima na birni, inda ma'aikaci ke da Asabar da Lahadi a hannunsa duk shekara, a ɗora wa mutumin da sama ce ke tsara masa lokaci. A ƙauye akwai lokuta biyu da aikin coci ke tsinkewa: lokacin da hatsi ya shigo, da lokacin da samari suka fita.

Mu fara da hatsi. Baikon ƙauye na kuɗi, wato sadakar da ake bayarwa a coci, ba shi da yawa, ainihin dukiyar reshe tana shigowa ne rana ɗaya, ranar godiyar kaka, cikin damman dawa da gero da kwanukan masara da wake da gyaɗa. Kafin ranar, a zaɓi mutum uku daga gidaje uku dabam: mai awo, mai rubutu, mai riƙon mabuɗi. Ɗaya daga cikinsu lallai ta zama daga Zumuntar Mata. Kada katekis ko matarsa su shiga cikin ukun nan, don yana cikin masu cin rumbun, kuma cire shi kare masa mutunci ne. A sa kwaɗo biyu a ƙofa, mabuɗansu a hannun mutum biyu, yadda ba wanda zai buɗe shi kaɗai.

A auna komai a ranar, a gaban jama'a, kafin kowa ya watse. Kwano ɗaya za a yi amfani da shi, a yi masa alama da fenti, a ajiye shi a rumbun, kuma a tsayar da magana tun farko ko za a riƙa cika shi har ya yi tsini ne ko shafe baki za a yi. Kwanon da aka auna shiga da shi, da shi za a auna fita. Abin da ya sa muka nace shi ne babban buhu yana ɗaukar kwano kusan 40, kowane kwano kuma kusan kilo biyu da rabi, to idan aka karɓa da ƙaramin kwano aka fitar da babba, buhu goma sai su yi giɓin da zai sa a kira mai gaskiya ɓarawo. Dami kuwa a rubuta shi sau biyu, da farko a matsayin dami, sannan bayan sussuka da shiƙa a rubuta kwano nawa ya ba da. Damin wani ya ninka na wani, kowa ya sani.

Sai maganar gwanjo. A birni an saba a yi gwanjon duk abin da aka kawo, a mayar da shi kuɗi. A ƙauye wannan asara ce, domin kaka ce lokacin da hatsi ya fi araha a shekara. Abin da ba ya ajiyuwa, kamar kaji da kabewa da dankali da rake, a yi gwanjonsa. Hatsi a ajiye. Kuma gwanjo kuɗi hannu ne. Mutum ya ɗaga murya a gaban surukansa ya sayi zakara da kuɗin akuya, ya ce a rubuta, sai a kai Ista ana bin sa, daga nan ya daina zuwa sujada, wato taron ibadar coci, saboda kunya. An rasa kuɗi, an rasa mutum.

Hatsin godiya daga gidaje da yawa yake fitowa, wani ya bushe, wani da sauransa, kuma ɗanyen kwano ɗaya yana iya ɓata buhu. Don haka a sake shanya shi duka a kan tamfol ko tabarma, ba a kan ƙasa tsirara ba. Gwaji biyu ne masu sauƙi. A ciji ƙwaya, idan ta fashe da ƙara ta bushe, idan haƙori ya nutse da saura. Na biyu, a sami busasshiyar kwalba, a zuba hatsi zuwa kashi ɗaya cikin uku, a ƙara cokali biyu ko uku na busasshen gishiri, a rufe, a girgiza, a ajiye kamar minti 15, a sake girgizawa. Idan gishirin ya manne a jikin kwalbar, a mayar da hatsin rana. A fi tsananta wa masara da gyaɗa, saboda fumfunar da ke kama su idan da danshi tana haifar da guba mai lahanta hanta, kuma dafuwa ba ta kashe ta. Gyaɗar da ta canza launi ko ta yi ɗaci a tsince a zubar, kada a ce a ba gwauruwa ta yi ƙuli.

Wake shi ne mai wuyar sha'ani, don da ƙwarinsa yake barin gona. Abin da ya fi dacewa da shi shi ne buhun nan mai leda biyu a ciki da ake kira PICS, wanda ke kashe ƙwari ta hanyar hana su iska, ba tare da magani ba. Amma ana yawan ɓata shi wajen amfani. Kafin a zuba, a hura kowace leda a matse a ga ko tana fitar da iska, domin huji ɗaya ya isa ya rusa aikin. A cusa leda cikin leda, a sa su cikin buhun waje, a zuba wake a bar wurin ɗauri. A matse iskar da ke sama, a murɗa bakin leda ta ciki, a lanƙwasa, a ɗaure ta ita kaɗai. Sannan ta biyu ita kaɗai, sannan buhun waje. Masu haɗa ukun su ɗaure da igiya ɗaya su ne ke dawowa su ce buhun ba ya aiki. Kuma ba a buɗe shi kowane mako a ɗebi kwano biyu. Wanda za a riƙa ɗiba a ware shi dabam tun farko.

Muna gargaɗi da babbar murya a kan ƙwayar maganin nan da ake jefawa cikin buhu. Iskar da take fitarwa tana kashe mutum kamar yadda take kashe ƙwaro. Kada a ajiye buhun da aka sa wa ita a cikin majami'a, ko ɗakin kayan Mas, ko ɗakin da Fada ke kwana idan ya zo, ko kusa da inda yara ke koyon katekizim. Maganin feshin gona kuwa bai da hurumi a kan abin da za a ci. A jera buhuna a kan katako, a bar tazara tsakaninsu da bango saboda gara da danshi, a toshe ramin ɓera, don ɓera ba ya jin tsoron leda.

Rabo shi ne inda zumunci ke mutuwa idan ba a rubuta ƙa'ida tun rumbu yana cike ba. Da farko a fitar da kason uwar faris yadda Fada da majalisarsa suka yanka, a kai shi da wuri, a karɓo takarda. Na biyu kason katekis. A nan muna da magana da jama'a. Mutumin da ke jagorantar sujada, ya koyar da masu shirin baftisma, ya yi jana'iza ranar da ya kamata ya yi noman farko a gonarsa, ba a biyan sa da "Allah ya saka". Dokar Ikilisiya mai lamba 231 ta ce wanda ya ba da kansa ga hidima yana da haƙƙin abin da zai riƙe iyalinsa, kuma da ruwan ciki ake jan na rijiya. A yanka masa kwano kaza a wata, a faɗa a fili, a ba shi ba sai ya roƙa ba.

Abin da ya rage shi ne na mabukata, kuma kada a taɓa shi da Kirsimeti, lokacin da kowane gida ke da tuwo. Lokacinsa Yuli da Agusta, sa'ad da tsohon hatsi ya ƙare, sabon gero bai nuna ba, zazzaɓi kuma ya kwantar da masu noma. Zumuntar Mata ce za ta fitar da sunaye, domin su ke shiga cikin gida, su suka san tukunyar da ba ta hau murhu ba. Dattawa a dandali ba za su sani ba, mai gida ba zai faɗa musu ba. A kai da yamma, mata biyu, ba tare da kiran suna a coci ba. Kuma idan maƙwabciya Musulma ce ko mai bin addinin gargajiya take cikin wannan hali, a kai mata, kada a haɗa da wa'azi ko sharaɗi. Rancen iri kuwa kwano da kwano ne, babu ƙari, a biya da kaka. Sharaɗi ɗaya muke ganin ba a sassauta shi: masu riƙe da mabuɗi ba sa cin rance a shekarar da suke riƙe da shi.

Doka mai lamba 537 ta wajabta wa kowace faris majalisar kula da dukiya, ta 1287 kuma ta ce a riƙa ba masu bi bayanin abin da suka bayar. Reshe ma ya bi wannan sawu. Lahadin farko na kowane wata, bayan sanarwa, mai rubutu ya tashi ya karanta abu uku: abin da ya shiga, abin da ya fita, abin da ya rage. Duk wata uku a buɗe rumbu, mutum biyu da ba sa cikin kwamiti su ƙirga buhuna. A kuma rubuta ragin da bushewa da tsince ta jawo a ranar da aka sake shanya, don hatsi yana raguwa ba tare da hannun kowa ba, amma bayan wata shida ba mai yarda da wannan bayani.

Gonar coci ba za mu daɗe a kanta ba. Matsalarta ita ce ciyawarta tana tashi ranar da ta kowa ke tashi. A raba jama'a gida biyu, gayyar rabin yini, a sa ranakun shuka da noman farko da maimai tun kafin ruwa ya sauka. Kada a karɓi gonar da ta fi ƙarfin hannun da ake da shi. A rubuta takarda a gaban mai unguwa ko dagaci da 'ya'yan mai gonar, a fayyace ko aro ne ko kyauta ko saye, domin yawancin rigimar filin coci bayan rasuwar wanda ya bayar take tashi. Kuma kada a ci burtali ko da taƙi ɗaya.

Sai lokaci na biyu. Da an ci Kirsimeti, samari sun ɗauki jaka sai cin rani, wasu Kano, wasu Kaduna da Abuja da kudu, wasu wajen noman rani a Kadawa ko kwarin Haɗeja. Su ne masu karatu, su ne mawaƙa da makaɗa da masu hidimar bagade. Ga shi kuma Ista ba ta fita tsakanin 22 ga Maris da 25 ga Afrilu, wato Laraba ta Toka da Hanyar Gicciye ta kowace Juma'a da Mako Mai Tsarki duk suna faɗawa ne lokacin da ƙauye ya zama na tsofaffi da mata da yara. Ba a fafe gora ranar tafiya. Tun watan Nuwamba kowace hidima ta sami mutum biyu, ɗaya daga cikinsu wanda ba ya fita: matar aure da ta yi makaranta, ɗalibin sakandaren jeka-ka-dawo, dattijon da idonsa ke gani. Wanda zai tafi shi zai koyar da wanda zai zauna, ya kuma miƙa abin da ke hannunsa a gaban shaida, ganga ce ko littafin waƙa ko mabuɗi ko littafin kuɗin matasa. Zaɓen shugabannin zumunta a watan Janairu kuskure ne da aka kwafo daga birni. Ko dai a zaɓi wanda zai ɓace wata huɗu, ko a yi zaɓe bayan idon masu aikin, su dawo su ƙi bi. A yi shi da kaka, kowa yana gida.

Mai shirin baftisma da zai fita, katekis ya ba shi takarda mai nuna lokacin da ya fara koyo da inda ya tsaya, ya kai wa faris ɗin da ya sauka, don kada kowace shekara ya koma farko. Wanda aka riga aka yi wa baftisma ya ɗauki hoton katinsa a waya. Ajin koyarwa na waɗanda suka rage a matsa shi da rani, don da damina ba mai zama. Manya biyu su kasance a wurin yara kullum, ƙofa a buɗe, a tashi kafin duhu.

Sujadar Lahadi ba tare da Fada ba tana da tsarinta, wanda fadar Fafaroma ta fitar a 1988. Katekis ba ya zama a kujerar Fada, ba ya yin addu'ar keɓe gurasa da ruwan inabi, ba ya yin abin da zai sa jama'a su ɗauka Mas ake yi. Ana karanta karatun ranar kamar yadda ake karantawa ko'ina a duniya, bisa zagayen shekara uku na Matiyu da Markus da Luka. A nan akwai wani tuntuɓe da ake yawan yi. Littafi Mai Tsarki na Hausa da ya fi yawa a hannun mutane ba ya ɗauke da littattafai bakwai da Katolika ke karantawa, irin su Hikima da Sirak da Makabiyawa, sai mai karatu ya hau mumbari yana ta juya shafi. Maganinsa a haɗu ranar Asabar da yamma a duba karatun, a karanta da ƙarfi sau biyu, kuma reshe ya mallaki bugun da ke da waɗannan littattafai ko littafin karatun Mas. Ajiye Jibin Ubangiji, wato gurasar da Fada ya keɓe a Mas, a reshe kuma sai da izinin bishop, da akwati mai kulle da fitila da wanda ke kula, kuma doka ta so Fada ya riƙa yin Mas a wurin aƙalla sau biyu a wata in da hali. Reshen da bai cika wannan ba kada ya ji an rage shi.

Abu biyu kowane babba ya kamata ya sani, musamman ungozoma. Idan jaririn iyaye masu bi yana bakin mutuwa, kowa na iya yi masa baftisma: a zuba ruwa mai tsabta a kansa sau uku ana cewa, "Ina yi maka baftisma cikin sunan Uba, da na Ɗa, da na Ruhu Mai Tsarki." Wanda ke zuba ruwan shi zai faɗi kalmomin. Daga nan a sanar da katekis ya rubuta rana da sunan yaro da na uwa da na uba da ƙauye da wanda ya yi, a kai wa Fada ya shigar a babban littafi. Sunayenmu suna maimaituwa, ƙauye ɗaya sai a sami Ladi biyar da Tanko huɗu, to suna ɗaya tilo a littafi zai zama rigima ranar da aka zo ɗaurin aure. Na biyu, shafe mara lafiya da mai, Fada kaɗai ke yin sa, don haka a kira shi tun mara lafiya yana magana, kada a jira sai ya fara shure-shure. Ba a sayar da sakaramenti, amma babur ba ya tafiya da addu'a. Reshe ya ware kuɗin mai daga asusunsa, kada a bar wa gidan da ke jinya, domin gidan da ba shi da kuɗin sai ya ƙi kira.

Muna da roƙo ga iyayenmu Fada-fada da majalisun faris. A 2021 Fafaroma Francis ya mayar da aikin katekis hidima mai zaman kanta a Ikilisiya, ga kuma makarantar horar da katekis a Malumfashi ba nisa. Idan za a tura mutum karatu, a tsara wanda zai nome masa gona kafin ya tafi, in ba haka ba zai dawo da takarda ya tarar da rumbu wayam. A buga wa rassa littafin rumbu iri ɗaya, mai layin rana da irin hatsi da shiga da fita da saura da sa hannun mutum biyu. A kuma ba kowane reshe jadawalin zuwan Fada na wata uku a rubuce, a manna a ƙofar majami'a, a fara da rassan da ke hayin rafi tun a Afrilu da Mayu kafin hanya ta yanke.

Mun gode da fili, Malam Edita. Allah ya ba mu kaka mai albarka.

Wasu katekis da dattawan majami'un ƙauye,
Kudancin Jihar Kano.